Firjin teburin shawarma yana ta zufa, ruwa har ƙasan shago: gas ne ko me?

Maman_Shawarma:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu gyaran firji na wannan zaure ku taimaka min da shawara. Ina da shagon shawarma a Kano, kuma muna aiki da irin firjin nan mai kama da tebur, wanda samansa ke da layin tasoshin ƙarfe na zuba kabeji, karas, kokwamba da mayonis, ƙasansa kuma ƙofa biyu inda muke ajiye kaza da burodi. Na hannu ne, ɗan Kwatano, amma tun da na saye shi bai taɓa ba ni matsala ba sai da daminar nan ta kankama. Yanzu jikinsa zufa yake yi, musamman bakin ƙofofin. Da safe mu tarar da ruwa kwance a cikinsa, har ya gangaro ƙasan shago, yarinyata ɗaya saura kaɗan santsi ya kayar da ita. Murfin sama kuma da an ɗaga sai ruwa ya ɗiga cikin kabeji. Na kira mai gyara ya ƙara gas, na biya, babu abin da ya canza. Yanzu cewa yake sai an sake kwampireso, wato injin da ke tura gas ɗin sanyi. Kafin in kashe wannan kuɗin ina so in ji ta bakinku.

SanyiKalau_Fagge:
Wa alaikumus salam Hajiya. Gas ne bai ji ba. Yawancin yaran nan ba sa cika shi yadda ya kamata. A nemo wanda ya iya, ya zuƙe tsohon ya ɗura sabo, za ki ga bambanci.

Injiniya_Kaduna:
Hajiya, kada ki taɓa kwampireson nan tukuna. Tambaya ɗaya: firjin yana sanyi kuwa? Kazar da kika ajiye da dare, da safe da sanyinta?

Maman_Shawarma:
Yana sanyi sosai Baba Injiniya. Wani lokacin ma kokwambar da ke kusa da bango har ƙanƙara take kamawa.

Injiniya_Kaduna:
To alhamdu lillahi, kwampireso lafiyarsa ƙalau. Injin da ya mutu ba ya daskarar da kokwamba. Abin da nake so kowa a nan ya riƙe shi ne, firji ba ya ƙirƙirar ruwa. Duk ɗigon da kika gani daga iska ya fito, ko daga abincin da aka saka. Kamar gorar lemo ce mai sanyi a kan tebur, ba ta tsage ba amma jikinta sharkaf. Iska tana ɗauke da laima, idan ta taɓa abin da ya kai wani mataki na sanyi sai ta sauke ruwanta a kansa.

Ga lissafin. Idan zafin shago digiri 30 ne, laimar iska kuma kashi 80 cikin 100, irin yanayin watan Agusta a Kano bayan an sha ruwa, duk ƙarfen da sanyinsa ya sauka ƙasa da kusan digiri 26 zai yi raɓa. Ki duba, digiri 4 kacal tsakani. Amma a watan Maris, zafi 38, laima kashi 15, sai ƙarfe ya sauka wajen digiri 7 kafin ki ga ɗigo ɗaya. Shi ya sa firjin da ya yi miki biyayya duk rani yanzu ya birkice. Wataƙila lahanin yana nan tun da, busasshiyar iska ce ta rufa masa asiri.

Kuma ruwan naki iri uku ne, kada a haɗa su. Na jikin ƙofa daban, na kwance a ciki daban, na murfin sama daban. Kowanne da inda ake nemansa.

Yaron_Oga:
Baba Injiniya Allah ya ƙara basira. Ni ina koyon aiki ne. Wanne ake fara dubawa?

Injiniya_Kaduna:
Na ciki, don shi ne mai arha kuma shi ya fi yawa. Ƙarƙashin kwayil ɗin ciki, wato naɗaɗɗen bututun da ke sanyaya firjin, akwai ɗan kwatami, da rami, da siririn tiyo da ke kai ruwa wani tire a gefen kwampireso. Zafin bututun da ke fitowa daga kwampireso da iskar fanka su ke busar da ruwan tiren nan. Idan ramin ya toshe, ruwa ba shi da wajen zuwa sai cikin firji.

Kuku_Abuja:
Wallahi wannan tiyon ne, na yi rantsuwa ba kaffara. A kicin ɗin otel da nake aiki mun sha fama da shi. Ranar da aka zare shi abin da ya fito ba kyan gani: wani yauƙi baƙi-baƙi mai kauri, da gutsattsarin kabeji, da ƙwayar tumatir har ta fara tsiro. Teburin haɗa salak ya fi kowane firji saurin toshewa domin yankakken ganye yana faɗawa ta tsakanin tasoshi. Hajiya ki kashe shi daga soket, ki kwashe kaya, ki samu sirinji babba ko gorar ruwa da aka huda murfinta, ki tura ruwan ɗumi ta ramin. Idan bai fito ta baya ba, to kin gano ɓarawon.

MaiYogot_Zariya:
Ni da waya nake zurawa, ta hanga, nan take yake buɗewa.

Injiniya_Kaduna:
Malam na Zariya, a bar wayar nan. Kwayil yana nan kusa, bututunsa siriri ne. Kuskure ɗaya ka huda shi, gas ya tsere, aikin ruwan ɗumi ya koma aikin walda. In dole sai an zura wani abu, a sa igiyar roba mai laushi. Haka nan masu sa wuƙa su ɓanɓare ƙanƙara, su ma su bari. A kashe, a buɗe ƙofa, ta narke da kanta.

MaiYogot_Zariya:
Na ji Baba. Amma ni dai ban taɓa hudawa ba.

SanyiKalau_Fagge:
Duk na ji bayanin, amma ba ku amsa maganar ƙanƙara ba. Ta ce kokwamba tana daskarewa. Ƙarancin gas yana sa kwayil ya yi ƙanƙara, kowa ya san wannan. Ƙanƙarar ta narke, ga ruwa. Ina kuskurena?

Frigo_Maradi:
Gaisuwa daga Maraɗi. Ɗan'uwa na Fagge, maganarka tana da ƙamshin gaskiya amma da saura. Idan gas ya yi ƙasa, ƙanƙarar a farkon kwayil kawai take taruwa, inda siririn bututu ya shigo, sauran kwayil ɗin ya zauna a bushe, kuma cikin firjin ba ya sanyi yadda ya kamata. Hajiya ta ce nata sanyi har ya yi yawa. Sannan gas ba mai ba ne da inji ke sha. Hanyarsa a rufe take. In ya ragu, to akwai inda yake yoyo, kuma ɗura sabo ba tare da an toshe wurin ba zubar da kuɗin mutane ne.

Abin da ya fi damuna ma shi ne ƙarin da aka riga aka yi mata. Waɗannan ƙananan injuna awon gas ɗinsu giram-giram ne, an rubuta a jikin farantin da ke baya. Idan aka ɗura fiye da kima, bututun da ke komawa kwampireso sai ya yi sanyi har waje, ya yi raɓa ko ƙanƙara, ya riƙa ɗiga a ƙasa. Wato mai gyaran yana iya ƙara mata ruwa na huɗu a kan ukun da Injiniya ya lissafa. Hajiya ki leƙa baya ki taɓa bututu mai kauri da ke shiga kwampireso. Ya kamata ya yi ɗan sanyi kawai, ba fari fat ba.

SanyiKalau_Fagge:
Mu dai da geji, agogon auna ƙarfin gas, muke aiki, kuma kwastomomi ba su taɓa dawowa da kuka ba.

Frigo_Maradi:
Geji yana da amfaninsa. Amma a injin da duka gas ɗinsa bai fi giram 150 ba, sikeli ne gaskiya.

Dan_Agege:
Ku 'yan Arewa wata uku kuke ganin wannan abu ku tayar da hankali. Mu a Legas shekara zagaye muke ciki. Bari in faɗi abin da ba wanda ya ambata: robar ƙofa. Man shawarma da na suya yana busar da ita ta yi tauri, ta tsage a kusurwa, maganaɗisun cikinta ya daina kama ƙarfe. Iska mai laima ta riƙa shiga dare da rana, sanyi yana fita ta wurin, sai ka ga bakin ƙofa yana hawaye daidai inda ta buɗe.

Gwaji biyu nake yi. Na farko, ka sa takardar kuɗi a bakin ƙofa ka rufe a kanta ka ja. In ta zare salin-alin ba ta riƙe ba, wurin a buɗe yake. Ka zagaye ƙofar duka, sama da ƙasa, musamman ɓangaren ƙasa da ba mai sunkuyawa ya duba. Na biyu ya fi daɗi: da dare ka kunna tocilan ka sa a ciki ka rufe, ka kashe fitilar shago. Duk inda haske ya leƙo, nan iska ke shiga. Na taɓa yi wa wata mai gidan abinci haka, hasken ya zana layi tun daga hinji har kusurwa, da muka ja robar sai ga baƙar fumfuna cike da lunguna, da busasshen mayonis ya zama kamar siminti.

Idan ba ta tsage ba, a wanke da ruwan ɗumi da sabulu, a bi ta da na'urar busar da gashi a hankali, sau da yawa tana komawa daidai. In ta tsage, a sauya. Ana yanka ta da awo a kasuwa.

Maman_Shawarma:
Malam na Agege na gode. Yanzu na sa yaro ya gwada da naira ɗari biyu. Ƙofar dama ta riƙe gam. Ta hagu kuwa daga ƙasa takardar faɗuwa ma take yi da kanta. Kuma na lura ƙofar kamar ta ɗan sunkuya.

Dan_Agege:
Yauwa. To hinji ma a duba. Yara suna dafa ƙofa su miƙe idan sun ɗauko kaya, a hankali take saki. Sabuwar roba a kan karkatacciyar ƙofa ba za ta yi aiki ba, a fara ɗaure hinji.

Yaron_Oga:
Tambaya kuma, ku yi haƙuri. Ogana ya ce in firji ba ya sanyi sosai a murɗa tamostat, wato abin daidaita sanyi, zuwa ƙarshe. Wannan yana da alaƙa?

Injiniya_Kaduna:
Yana da ita, babba ma. Kuma ina zargin abin da aka yi wa na Hajiya ke nan, tunda kokwamba na daskarewa. Irin wannan tebur ba firiza ba ne. An yi shi ya tsaya tsakanin digiri 2 zuwa 4. Da yawansu ba su da hitar narkar da ƙanƙara, dabararsu ita ce kwampireso ya huta, fankar ciki ta ci gaba da juyawa, 'yar ƙanƙarar da ta taru a kwayil ta narke ta bi tiyo. In ka murɗe shi zuwa ƙarshe, kwampireso ba zai huta ba. Ƙanƙara ta hau kan ƙanƙara har ta toshe hanyar iska, har ta cika kwatamin ta daskarar da ramin. Sai a ɗauke wuta da tsakar dare, dukan dutsen nan ya narke lokaci guda. Kwatamin da aka yi don ɗigo-ɗigo ina zai iya da wannan? Shi ne ruwan da ake tararwa da safe.

A firji masu allon lamba maimakon abin murɗawa kuma, akwai saitin da ke tsayar da inji don narkarwa, galibi duk bayan awa 6 na kamar minti 20 zuwa 30. Na sha ganin an shiga an kashe shi da sunan wai firji ya daina tsayawa.

MaiYogot_Zariya:
Maganar wuta ita ce gaskiyar magana. Ni matsalata ke nan. A kawo awa uku a ɗauke, in tayar da janareta, mai ya ƙare, a sake kawowa ba ƙarfi. Firjin gilas ɗina na yogot kullum a jiƙe. Yanzu ina tunanin sola. Akwai wanda ya ɗora irin waɗannan a kan inbata?

Solar_Bauchi:
Ana ɗorawa, amma ka yi lissafi da ƙarfin da kwampireso ke ja lokacin tashi, ya ninka na tafiya sau da yawa. Inbatar da ta yi daidai da lambar da ke jikin faranti kawai za ta riƙa yankewa. Ka ɗauki mai rara, kuma mai tsaftatacciyar wuta. Ka turo min hoton farantin ta akwatin sirri.

MaiYogot_Zariya:
Batirin fa, lithium ko na ruwa?

Admin_Zaure:
Jama'a a buɗe wa sola nata zaren daban. A nan maganar ruwan firjin Hajiya ake yi.

Dubagari_Katsina:
Ni ba mai gyara ba ce, ma'aikaciyar tsaftar muhalli ce, kuma abin da ya tsaya min a rai tun farkon zaren nan shi ne ruwan murfi da ke ɗiga cikin kabeji. Kowa ya tafi kan inji an bar wannan. Yaya Hajiya, kabejin shawarma ba a dafa shi. Abin da ya faɗa ciki kai tsaye yake zuwa cikin mutum. Ruwan raɓa shi kansa ba datti ba ne, amma kafin ya ɗiga ya bi jikin murfi, ya bi roba mai fumfuna, ya bi inda hannun da ya taɓa ɗanyar kaza ya dafa. Akwai ƙwayar cuta da ake kira Listeria, ita sanyin firji ba ya hana ta yaɗuwa, kuma wuraren da ta fi so su ne irin kwatami da tiyon da Kuku ya kwatanta. Ta fi yi wa masu juna biyu da jarirai da tsofaffi illa, har ɓari tana jawowa.

Don Allah kafin a gama gyara, duk tasar da ruwa ya ɗiga a ciki a zubar. Na san asara ce, na san tsadar kayan miya, amma a zubar. A riƙa goge cikin murfi da tsumma mai tsabta wanda ba a taɓa komai da shi sai wannan. Ɗanyar kaza ta koma can ƙasa cikin roba mai murfi, burodi da ganye a sama. Sannan ki sayi ƙaramin ma'aunin zafi ki riƙa tsoma shi cikin mayonis ɗin kansa, kada ki dogara da lambar da allo ke nunawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abinci mai lalacewa ya zauna ƙasa da digiri 5, dafaffe kuma kada ya wuce awa 2 a zafin ɗaki.

Maman_Shawarma:
'Yar'uwa wallahi kin taɓa min inda ke min ƙaiƙayi. Abin da ya hana ni barci ke nan, ba kuɗin gyara ba. Yawancin masu sayen shawarmata mata ne da 'yan makaranta. Na sa an zubar da na yau.

Kuku_Abuja:
Allah ya mayar da alheri Hajiya. Game da saman teburin, ga yadda muke yi. Kowane gurbi dole a sa masa tasa, ko da babu komai a cikinta. Gurbi ɗaya a buɗe taga ce, sanyi na fita, iskar kicin na shiga kai tsaye zuwa kwayil. Kada a tula kabeji ya yi tozo ya wuce bakin tasa, na saman ba ya samun sanyi. Bayan an wanke ganye a bar shi ya tsane sosai a kwando kafin a zuba, don jiƙaƙƙen ganye shi ma laima yake fitarwa, ta tashi ta manne a murfi ta dawo. In ba ciniki a rufe murfi. Da dare a kwashe komai daga sama, a rufe a sa a ƙasa, a wanke gurbin a goge ya bushe.

Kuma kazar da aka sauke daga wuta, kada a tura ta ciki tana tururi. A baza ta a faranti mai faɗi ta sha iska kaɗan, a rufe, sannan a saka. Tukunya ɗaya mai zafi tana iya jiƙa cikin firji gaba ɗaya.

Dan_Agege:
Hajiya ina teburin yake a shagon? Nesa da wuta ko kusa?

Maman_Shawarma:
Yana manne da injin gasa shawarma, don mai naɗawa ya miƙa hannu kawai. Ta ɗaya gefen kuma tukunyar suyar dankali ce. Akwai fankar tsaye da ke hura wa yaran iska.

Dan_Agege:
To ai ga shi nan. Wutar gas kanta tururin ruwa take fitarwa in tana ci, ga na dankali, ga fanka tana kwaso su tana watsa wa tasoshi. Ko taku biyu aka matsar da shi za a ga sauƙi. Fankar a juya ta kada ta bi ta kan teburin. In da hali a sa fankar bango mai zuƙe hayaƙi waje.

Maman_Shawarma:
Shagon ƙarami ne Malam, taku biyun nan ma sai an yi dabara. Amma zan gani.

Zango_Kumasi:
Salamu alaikum daga Kumasi. Ni ina da wani ra'ayi daban, kuma ba na jin daɗin faɗinsa. Ɗan Kwatano ne fa. Kayan nan an ƙera su don kicin ɗin Turai. A farantin baya akwai ajin yanayi. A na kasuwanci za ka ga lamba: aji 3 an gwada shi a zafi 25 da laima kashi 60, aji 4 a zafi 30 da laima 55, aji 5 a zafi 40 da laima 40. A na gida kuma haruffa ne, N har digiri 32, ST har 38, T har 43. Wanda aka gwada a 25 ka kawo shi gefen wutar shawarma a watan Agusta, ko sabo ne dal sai ya yi zufa.

Sannan soson da ke cikin bangonsa. Idan ya tsufa ko ruwa ya shige shi, ya daina tare sanyi. Alamar ita ce ka ga wani fili a tsakiyar bango ko ƙarƙashi yana jiƙewa kullum a wuri ɗaya, nesa da ƙofa, in ka taɓa ya fi sauran jiki sanyi. Wannan ba shi da magani mai arha. Nawa haka ya yi, daga ƙarshe sayar da shi na yi.

Frigo_Maradi:
Na Kumasi, kada mu tsorata ta tun yanzu. Ta ce a bakin ƙofa yake zufa, ba a tsakiyar bango ba. Bakin ƙofa yana da nasa maganin daga masana'anta: ko siririyar wayar hita a cikin firam, ko bututun gas mai zafi da aka zagaya da shi, don ƙarfen wurin ya ɗan yi ɗumi ya fi ƙarfin raɓa. Hajiya, inji yana aiki ki shafa firam ɗin da bayan hannu. In da ɗan ɗumi, yana aiki. In sanyi ƙarara, ko hitar ta ƙone ko wani ya cire wayarta. Masu gyara da yawa suna yanke ta wai tana cin wuta, ko su tsallake bututun idan ya yi yoyo.

SanyiKalau_Fagge:
Tsallakewar ai dole ce wani lokacin. Bututun yana cikin soso, in ya ruɓe ta ina za ka yi masa walda? Sai dai ka gaya wa mai kaya gaskiya cewa zai riƙa zufa da damina.

Frigo_Maradi:
A nan kam mun haɗu. Matsalar ita ce ba a faɗa.

Yaron_Oga:
Wani a layinmu yana ɗura gas ɗin girki a firji, ya ce duk ɗaya ne da gas ɗin firji da ake kira R290. Gaskiya ne?

Injiniya_Kaduna:
Ɗana, ka nisanci wannan. R290 furofen ne tatacce, an cire masa laima da datti. Na girki gauraye ne, ba a tace shi don inji ba. Kuma injin da aka yi don R134a, gas ɗin firji marar kamawa da wuta, ba a yi kayan wutarsa don gas mai kamawa ba. Ka tuna teburin Hajiya yana gefen wuta a buɗe. Abin da aka rubuta a faranti shi ake sawa, da nauyin da aka rubuta. In ka ga R290 ko R600a, masu kamawa da wuta ne, ba walda sai an tabbatar an fitar da gas duka kuma iska na ratsa wurin.

Tunda an zo bayan inji, Hajiya a cire murfin gefen kwampireso a duba kwandansa, wato ragar bututun da ke fitar da zafi waje. Ƙurar hunturu da man suya suna haɗuwa su yi masa bargo. In ya toshe inji ba ya hutawa, mu koma maganar ƙanƙara. Buroshi mai laushi, a bi layin ƙarfen daga sama zuwa ƙasa. A duba tiren ma ko ya tsage ko tiyo ya zame daga bakinsa. Kuma a kashe wuta kafin a sa hannu, ruwa da waya suna kusa a wurin. In jikin tebur yana ɗan jan mutum, a kira mai wayarin ya duba wayar ayin, wadda ke kai wutar da ta zame ƙasa, a ranar, kada a jira.

Maman_Shawarma:
Assalamu alaikum, na dawo da bayani. Na samu wani mai gyaran daban na karanta masa abin da kuka rubuta. Tiyo a toshe yake taf, abin da Kuku ya faɗa shi muka gani, har da wari. Bayan murfin kwayil kuma ƙanƙara ce guda, fanka har tana gogar ta. Tamostat yana ƙarshe, yaran sun ce tun lokacin zafi suka murɗe shi. An narkar, an wanke, an ɗaure hinji, an sa sabuwar roba a ƙofar hagu, an sa katako a ƙafafun gaba don ya ɗan kwanta baya kaɗan. Ma'aunin da Dubagari ta ce na saya, mayonis yana nuna 4. Ruwan ciki ya tsaya cak, ƙasan shago a bushe. Murfin sama ya ragu sosai tunda muka fara tsane kabeji, amma bai daina gaba ɗaya ba. Wanda ya ƙi tafiya shi ne na firam tsakanin ƙofofin biyu, da safe har yanzu yana jiƙewa. Na shafa, sanyi ne ba ɗumi. Bututun baya kuma da Malam na Maraɗi ya ce, yana raɓa har jikin kwampireso, amma ba fari ba.

Frigo_Maradi:
Madalla. Firam ɗin hita ce, a sa mita a gwada wayar. Bututun baya kuma ina nan a kan bakana, gas ɗin da aka ƙara ya yi yawa. A zuƙe a auna da sikeli.

SanyiKalau_Fagge:
Raɓa a bututun baya da damina ba komai ba ne, kowane firji yana yi. Soson bututun ne ya ruɓe, a naɗa sabo. Tunda yana sanyi 4 kada a sake taɓa gas ɗin nan.

Zango_Kumasi:
Ni dai a duba farantin a gaya mana ajinsa. In 3 ne, ko an gyara hita sai ya yi.

Injiniya_Kaduna:
A fara da soson bututu kamar yadda na Fagge ya ce, shi ne mai arha. In an naɗa kuma raɓar ta ci gaba da bin jikin kwampireso, sai a koma maganar na Maraɗi. Hajiya, injin yana tsayawa ya huta yanzu, ko har yanzu ba ya yankewa?

Maman_Shawarma:
Da safe yana yankewa Baba. Da yamma in an kunna wutar shawarma ban ji ya tsaya ba. Farantin kuma man suya ya rufe rubutun, gobe in Allah ya kai mu zan sa a goge in ɗauko hoto.

MaiYogot_Zariya:
Kafin hoton ya zo, nawa na gilas fa? Hazon a tsakanin gilasan biyu yake, ko na goge ciki da waje ba ya fita.

Dan_Agege:
Wannan liƙin gefen gilas ɗin ne ya buɗe, iska ta shiga tsakani. Ba ya goguwa. Sai dai a sauya gilas ɗin ƙofar.